Tattakar da Inna Ta Ɗauko a Ka

Daga Argungu aka kawo ni Birnin Kebbi ina amarya, lokacin yaƙin Turawa na biyu bai daɗe da somawa ba. Gidan yana unguwar Nasarawa, can gefe inda gidaje suka fara yin nesa da juna. Mu uku ne a ciki: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa wadda nake kira Inna. Mahaifinsa ya rasu tun yana saurayi, ƙannensa mata kuma duk suna ɗakunan mazajensu a ƙauye. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta kuma miƙa masa abu hannu da hannu. In maganarsa ta kama sai ta ce "wancan", ko "mai jakin nan", don da damina noma yake yi, da rani kuwa ya ɗora wa jakinsa kayan mutane daga wannan kasuwa zuwa waccan.

Ni 'yar masu lambu ce. Babana albasa yake nomawa a bakin gulbi, a gefen albasar kuma ba a rasa alayyafo da yakuwa da gauta, na tashi ban san miyar busasshen ganye ba sai don marmari. A gidan miji kuwa yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi a koma kuka. Ban yi ƙorafi ba, amma maigidana ya lura tsakurar tuwo kawai nake yi. Akwai wani ɗan fili bayan ɗakina inda ake zubar da toka. Wata Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ya tuɓe rigarsa, ya kafce wurin, ya kewaye shi da darni, ya ja mini ƙananan fangali irin na lambun babana. Garka muke ce wa irin wannan ɗan lambun gida.

Shukar farko duk ta mutu. Ƙasar tudu ce, ja, mai tsakuwa, rijiyar gidan kuma mai zurfi, kafin guga ya iso baki tafin hannu ya yi zafi. In na yi ban-ruwa da sassafe, kafin hantsi saman ya bushe ya yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Iri ya tsiro, ya yi ganye bibbiyu, rana ta ƙone shi. Na sake shukawa, aka sake haka. Ina tsugune a wurin wata rana kamar in yi kuka, sai na tuna yadda babana yake yi wa irin albasa in ya yafa shi: yakan rufe fangalin da tattakar shinkafa, rana ba ta ganin ƙasar, ruwan da aka zuba ya kwana ya wuni a ciki. Na gaya wa maigidana ina son ya kawo mini tattaka daga fadama. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa jin an shimfiɗa wa ƙasa abincin jaki ba. Amma washegari da yamma sai ga shi da raga cike, jakin ba a ganin komai nasa sai kunnuwa.

Inna ba ta so abin ba ko kaɗan. Ba ta yi wa ɗanta magana ba, ni ta samu. Ta ce tattaka ɗakin maciji ce, kunama ma nan take kwana, ga gara, ga wuta in tartsatsi ya tashi daga murhu. Ta ƙare da cewa, "Gidan mutane na, 'yar nan, ba juji ba." Na ce to, Inna, na sunkuyar da kai. Da ta shiga ɗaki na ci gaba da shimfiɗata.

Ban iya ba da farko. Na tula tattakar har jikin shuka, kuɓewa ta ruɓe daga gindi. Daga nan na gane sai an bar wa kowane tsiro ɗan zagaye ya sha iska. Na gane kuma sai ƙasa ta ƙoshi da ruwa tukuna ake rufe ta, in ka rufe ta a bushe, a bushe za ta zauna. In shimfiɗar ta yi kauri da yawa ruwa ba ya ratsawa, in ta yi shara-shara ciyawa ta huda ta fito. Gara ta zo kamar yadda Inna ta faɗa, hankalina ya tashi, na yi ta barbaɗa toka a gindin shuke-shuken. Ashe busasshiyar tattakar ta ishe ta, ba ta kula ɗanyen abu ba, ramukan da ta huda kuma ta nan ruwa ya riƙa shiga ƙasa. Kajin Inna ne suka fi ba ni wahala, don sun gano akwai ƙwari a ƙarƙashi, kullum sai sun tone sun watsar. Ba dama in kore su tana gani. Maigidana ya saro ƙaya ya ɗora a kai, aka zauna lafiya.

Kafin shekara ta zagayo jar ƙasar nan ta fara yin duhu. Tsohuwar tattaka ta narke ta shige ciki, mu ƙara sabuwa a sama. Ban-ruwan da nake yi safe da yamma ya koma na yamma kaɗai, wani lokaci ma in tsallake yini. Alayyafo ya yi faɗin ganye, barkono ya yi ja, kabewa ta hau darni ta leƙa gidan maƙwabta. Inna tana cin miyar, har takan ƙara, amma ba ta taɓa cewa ta yi daɗi ba, ba ta kuma taɓa sa ƙafa a garkar ba.

Maigidana yakan kifa tsohon turmi a bakin darnin ya zauna bayan la'asar, ina tsinkar ganye yana ba ni labarin kasuwa. A nan ne wata rana, damina ta kusa ɗaukewa, ya ga ina tsinkar yakuwa ina ci ɗanya, mai tsamin nan da ko akuya sai ta yi shawara. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya gane juna biyu ne da ni. Daga ranar ya hana ni taɓa guga, shi yake cika mini randa da tuluna kafin ya fita.

Ana cikin girbin gero maganar ɗiban gwamna ta iso unguwarmu. An ce Turawa suna son ƙarti su haƙa musu kuza a duwatsun Jos saboda yaƙi, kowace unguwa ta ba da nata. Wanda yake da babban gida ya san yadda zai yi, wanda ba shi da kowa kuwa shi ake fara nunawa. Ɗan aiken mai unguwa ya yi sallama da maigidana a zaure, da ya dawo ciki na ga fuskarsa na san an nuna shi. Ya ce watanni kaɗan ne, ana canji, kafin zafi ya kankama sun dawo. Ya kai jakin gidan baffansa. Ya yi kwanaki yana jigilar tattaka tun kafin a kai jakin, ya tara mini tuli a kusurwar garka, ya ce wannan za ta kai ni har ya dawo.

Ranar tafiya da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce za su tafi. Daga ciki ta ce Allah shi kiyaye, ba ta fito ba. Na raka shi har bakin zaure da ƙunshin garin gero da ƙuli-ƙuli. Da na juyo na hange ta tsaye a ƙofar ɗakinta da wani abu naɗe a hammata. Muna haɗa ido ta koma ciki. Aka kora su zuwa Gusau inda jirgin ƙasa yake, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Shekarar ba ta yi albarka ba. Geron da aka samu bai cika rumbu ba, hatsi ya yi wuya a kasuwa, gidaje da yawa suka koma ci sau ɗaya. Mu garkar nan ta riƙe mu. Mu dafa rama ko zogalen maƙwabta mu kwaɗa da ɗan ƙuli, mu yanka kabewa mu dafa, tuwon kuwa a tuƙa kaɗan. Inna ta karɓi jan ruwa ba tare da ta ce ta karɓa ba. Kafin in tashi na ji ƙarar guga, in fito in tarar da tuluna a jere a bakin darni. Iyakarta nan, ni nake shiga da su.

Tulin tattakar bai kai inda aka ce zai kai ba. Awakin maƙwabta suka fasa darni wata rana, yunwa ta sa suka cinye rabi, gara da iska suka raba sauran. Da zafi ya fara shigowa sai ga ƙasa tsirara nan da can, ta soma tsagewa, barkono yana lanƙwashewa tun kafin azahar. Cikina ya tsufa, ni ba mai fita ba, baffan maigidana kuma na aika masa har na gaji, ya ce bana tattaka ko dabba ba ta samu ba balle ƙasa. Na haƙura, na ce abin da ya rayu ya rayu.

Wata safiya ban ji ƙarar guga ba. Na leƙa ɗakin Inna, ba kowa. Sai da rana ta take na ji motsi a zaure, ta shigo da dami a ka wanda ya fi ta faɗi, ƙafafunta fari fat da ƙura, wuyanta yana rawa. Ta wuce ni, ta jefar da shi cikin garka, ta tsaya tana haki. Ta ce a hanya ta gan shi yashe, ta ga bai kamata a bar shi ba. Na san ba wanda zai yar da damin tattaka a hanya a shekara irin wannan. Daga baya wata maƙwabciya ta gaya mini fadama ta gangara, ta bi tsofaffin masussukai tana kalen abin da shanu suka bari, tsinke-tsinke, har ya yi dami.

Daga ranar abin ya zame mata aiki. In tattaka ta gagara ta bi gidajen masu surfen shinkafa ta roƙi buntu, ko ɓawon gyaɗa wurin masu ƙuli-ƙuli. Wani lokaci ta share busasshen ganyen maɗacin da aka dasa a bakin babbar hanya ta cika masaki. Da na kasa sunkuyawa ita ta shiga garkar da kanta. Ina zaune a kan turmi ina faɗa mata, Inna a ɗan ja baya da gindin, Inna nan bai sha ruwa ba tukuna, tana yi tana mita, tana cewa ta tsufa ta zama baiwar kuɓewa. A watannin nan ne muka fara hira ni da ita. Ta ba ni labarin ƙauyensu, da farar da ta taɓa cinye musu gona tana amarya, da 'ya'yan da ta binne. Labarin kowa ta ba ni, ban da na mutum ɗaya.

Mutanen da aka ɗiba suka fara dawowa, biyu yau, uku bayan kwanaki, a rame, wasu suna tari. Duk wanda aka ce ya dawo Inna takan sami dalilin wucewa ta ƙofar gidansu, amma ba ta tambaya. Sai wata ranar Laraba bayan azahar aka yi sallama a zaure. Baffan maigidana ne, da limamin unguwa, da wani maƙeri da aka ɗebe su tare. Inna ta yafa zane ta fita, ni na tsaya bayan zana ina ji.

Liman ya fara da abin da akan fara da shi. Sannan maƙerin ya ba da labari. Ya ce can sanyi ne irin wanda ba mu sani ba, ga aiki cikin ruwa, ga bukkokin da ake kwana iska tana ratsa su ta ko'ina. Ciwon haƙarƙari ya kama maigidana, ya yi kwanaki yana tari, ya cika da asuba da kalmar shahada a bakinsa. Ni daga nan na zauna a ƙasa. Amma na ji muryar Inna, ba rawa a cikinta, tana tambaya ko an yi masa sutura. Maƙerin ya ce su suka wanke shi, likkafani bai samu ba, a rigarsa suka sa shi, suka yi masa salla.

"Kun tare mishi ƙasa?"

"Itace ya yi wuya, Inna. Duwatsu munka jera, munka cusa ciyawa tsakani. Ƙasa ba ta taɓa fuskarsa ba."

"To, madalla. Allah shi yi muku albarka."

Ta shigo ta wuce ni, ta ɗauko tabarmi ta shimfiɗa wa masu zuwa gaisuwa. Kwanakin zaman makoki duk ita ce mai ba mutane ruwa, ita ce mai cewa a ba wance wurin zama. Ƙannensa suka zo suna kuka ta tsawata musu. Mata suna yaba haƙurinta, ni kuwa ina kallonta zuciyata tana tafasa. Na san al'ada, a gidanmu ma haka ake yi, amma na ce a raina ko dutse ne ai ya tsage. Na daina yi mata magana sai gaisuwa.

Da mutane suka watse, liman ya ce takabata a ɗakin mijina zan yi ta har in sauka. Gidan ya koma mu biyu. Washegarin ranar da baƙuwar ƙarshe ta tafi, Inna ta fita da sassafe ta dawo da masakin ganye kamar ba abin da ya faru. Ina kwance a ɗaki na ji ta a bayan bango tana shimfiɗawa. Can na ji kamar magana ƙasa-ƙasa. Na tashi na zagaya. Tana durƙushe gaban barkono, hannuwanta cike da ganye, ba ta shimfiɗawa, ba ta ajiyewa. Sai na ji ta kira sunansa. Tunda na zo gidan ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har ya yi mini kamar na wani ne daban. Ta juyo ta gan ni, ba ta ɓoye fuskarta ba.

"Gwadona na ɗauko ranar da za su tahi," in ji ta. "Mai kaurin nan. Na ce in ba ki ki ba shi, na ji kunya ki gani. Ga shi can cikin ɗaki. Anka ce sanyi ya kashe shi."

Na durƙusa kusa da ita da ƙyar. Muka yi kuka tare a tsakanin barkono da kuɓewa har rana ta kore mu. Ba ta sake kiran sunan ba, ba ta kuma sake tayar da maganar gwadon ba.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba na haifi ɗa namiji. Gwaggona ta zo daga Argungu ta karɓi haihuwar, amma da aka wanke shi Inna ce ta fara miƙa hannu. Jika ba ɗa ba ne, ba kunya tsakani. Ta rungume shi tana ce masa ango, tana ce masa mummuna, tana tambayarsa ina tukwicinta, tana dariya hawaye na bin kumatunta. Kwanakin nan kafin suna ko tuwo da shi a cinya take ci.

Bayan suna babana ya aiko a tafi da ni gida wankan jego, kuma kowa ya san ba dawowa zan yi ba, tunda aure ya ƙare. Na roƙi Inna ta biyo mu, 'ya'yanta mata ma kowace ta ce ta koma wurinta. Ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, daga nan za a fitar da ita. Ta raka mu har bakin gulbi inda za mu shiga kwalekwale, da yaron a bayanta, sai da mai tuƙi ya yi magana sau da yawa sannan ta kwance shi.

Sau ɗaya ta zo Argungu, da rani, yaron ya fara rarrafe. Ta zo da kabewa biyu da ƙullin barkono, a garin da kowane gida yake da lambu. Babana ya karɓa da hannu biyu, ya ce a dafa masa kabewar a ranar. Ya zagaya da ita lambunsa, ta tsaya tana duba yadda ya rufe irin albasa, har ta ce masa shimfiɗarsa ta yi kauri. Ya ce gaskiyarta. Kwana kaɗan ta yi ta ce za ta koma, ta bar wa maƙwabciya ban-ruwa, ba ta yarda da hannunta ba.

Zafin shekarar ya zo da ciwon sanƙarau. Wani mai kwalekwale ne ya kawo mana labarin rasuwar Inna, an riga an binne ta. Ciwon bai ja ta ba, ta kwanta da ciwon kai, kafin a aika wa 'ya'yanta ta cika. Na goya yaron muka tafi, muka isa ranar sadakar bakwai. Tun da ta kwanta ba wanda ya tuna da garkar, ba a zuba mata ko ludayi ba, ga rana kamar ta narka mutum. Amma na tarar da ita kore, an rufe kowane fangali da ganye da buntu, kowane gindi da ɗan zagayensa. Matan da suka zo aikin sadaka suna ciki suna tsinkar kuɓewa, don ba a sami ta kasuwa ba. Da ita aka yi miyar da aka raba wa unguwa. Aka zubo mini nawa, na lakata na sa wa yaron a baki, shi ne farkon cin miyarsa, ya yamutsa fuska sannan ya buɗe baki yana neman ƙari.

Gidan ya koma hannun baffan maigidana. Kafin in tafi na ji yana gaya wa wani cewa bayan ɗakin nan zai yi kyau da turken dabbobi. Ni kuwa ba ni da ta cewa a gidan. Washegari ƙanwar maigidana ta raka mu bakin gulbi, muka koma Argungu, a can na yaye yaron, a can kuma daga baya na sake aure.